Kawuna da Mai Kiran Gayya na Cikin Gero

Kawuna ya rasu ranar Laraba da hantsi, cikin bazara, lokacin da hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa bai ce komai ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Washegari tabarmin ƙofar gidansa suka kasa, aka aro na masallaci. Mutanen Tsarnawa sun zo a ƙafa, na Alela a amalanke, na Tajaye a motar kasuwa, kowa da abin da ya riƙe na mamacin.

Liman ya ce bai taɓa rasa shi a sahun gaba ba, in ba ranar shuka ba. Wani makiyayi ya ce shanunsa sun sha faɗa wa kawu gona, amma ko sau ɗaya bai kai shi gaban maigari ba. Faɗa dai ya sha shi har yana gwammace a kai shi ɗin. Masu lambun albasa suka ce yanzu kam za su yi ban-ruwa cikin kwanciyar hankali, tunda mai tsawata musu ya tafi. Suna faɗa suna share ido.

Can sai ga taubashinsa daga Tajaye, tsoho siriri mai sanda, wanda muke kira Baba. Shi da kawu sun fi shekara sittin suna zagin juna, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Ya tsaya a kan mutane bai zauna ba, ya dubi ƙofar gidan ya ce:

"To, bawana ya gudu. Kullum haka shike, in aiki ya matso sai shi sulale. Ga shuka tahe, shi ko ya tahi ya yi kwancinai."

Aka yi dariya, irin wadda ke fita tare da majina. Baba ya zauna ya ja rawani ya rufe fuska.

Matar kawu, wadda nake kira Inna, tana ɗaka ta shiga takaba. Masu gaisuwa sun fito suna cewa ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba.

Ranar sadakar uku aka fito da gumba cikin manyan ƙore. Ina shaida wa mai karatu cewa ban taɓa cin gumba mai garɗinta ba. Na ci, na ƙara, na yaba. Da aka shafa fatiha na zagaya bayan gida, inda kawu ke da rumbu biyu, babba na abinci da wani ƙarami wanda bai fi tsayin ƙirjina ba. Na ɗaga murfin ƙaramin. Babu komai ciki sai ƙaiƙayi da wata gizo-gizo da ta dube ni kamar na shigo mata ba sallama.

Ƙanwar Inna ce ta jagoranci matan da suka zo daga Alela don taya aiki. Na tambaye ta. Ta amsa da fara'ar wanda ya yi abin kirki, tana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu:

"Ai Mushe, mun buɗa babban munka ga zangarnu manya-manya, munka ce waɗanga na iri na, kada a taɓa ma marayu. Sai munka kwashe ƙanƙanan, munana-munanan nan. Mun share shi tas."

Sun share shi tas. Abin da kawu ya fi shekara goma yana tacewa, wanda ya ce ni zan riƙe bayansa, mun cinye shi da fatiha, ni na ma ƙara. Ga shuka saura makonni, ga gonar da ke ciyar da Inna da jikokinta ba ta karɓar wani iri da daɗin rai sai shi.

Dole in koma baya in faɗi ko wane irin gero ne wannan.

Gonar kawu ba gonar da ake yi wa mutum hassada ba ce. Samanta fako ne, ƙasanta kuma, wajen gangaren fadama, akwai inda kanwa ke fitowa fari fat da rani kamar an barbaɗa gari. A shekarar babban farin nan na tsakiyar shekarun tamanin, ruwa ya ɗauke bayan yabanya ta kai gwiwa. Gonaki suka ƙone. Mutane suka daina zuwa daji don kada su gani. Kawu kuwa kullum da safe sai ya yayyage tsumma ya cusa a aljihu ya tafi. Duk karan da ya tarar a tsaye da sauran kore a jikinsa, sai ya ɗaura masa tsumma. Da kaka abin da ya samu bai kai dami biyu ba, zangarnu gajeru kamar tafin hannu. Gidan na cikin yunwa, amma ya hana a taɓa su. Inna ta taɓa gaya mini cewa a zamansu duka, wannan ne karon da ta ɗaure kayanta. Ta kwance su ne don jakin da zai kai ta gida shi ma ba ya iya tashi.

Daga nan ya zama al'adarsa. Kowa na zaɓen iri daga inda gona ta fi kyau, shi yana zaɓa daga inda ta fi muni: gefen kanwa, kan fako, inda tsiro ya sha wuya bai mutu ba. Ya shuka su can kusurwar da babu gonar kowa kusa, don kada bununin geron maƙwabta ya shiga musu. A shekarar da ruwa ya wadata, geron kowa ya yi tsayi ya rufe mahayin raƙumi, na kawu yana nan iya ƙirji. Baba ba ya barin kaka ta wuce bai zo daga Tajaye ba, musamman don wannan.

"Bawana, wanga geron wadanni fa? Ko zaune zaka girbinai?"

"Tahi can, ɓarawo. Shekaran da ba ruwa ka zo ka tambaye ni."

Shekarun da ba ruwa kuwa ba su yi rowar zuwa ba. A cikinsu geron wadanni kan tsaya da ganye a naɗe, kamar mai jin haushi, ya yi mako biyu ko uku bai motsa ba. Ranar da ruwa ya dawo sai ya warware ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Kawu yana da bayaninsa. A ƙuruciyarsa shi ne mai kiran gayya na unguwarsu, mai bi gida-gida yana tada samari su fito noman gonar wani. Sai ya ce kowane tsiro akwai mai kiran gayya a cikinsa.

"Shi ba shi riƙon hauya," in ji shi. "Aikinai kira. In ƙishirwa ta taso sai shi bi gida-gida: kai, rufe ƙohwa! Kai, riƙe ruwa! Kai, sauka ƙasa ka biɗo! Geron da mai kiranai ka barci, kahin shi tashi an mutu."

Ya kuma ce fari da ɗari da kanwa uwarsu ɗaya, domin duk ukun ƙishirwa suke sa wa tsiro, kuma mai kira ɗaya ke amsa musu. Shi ya sa a lambu yake hana ƴaƴan albasa ruwa kwana biyu kafin dashe, yana cewa yana tada mai kira ne tun kafin a shiga wuya. Shi ya sa kuma in ya ga wani yana malala ruwa safe da yamma sai ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Kai dai kana ta shagwaɓa su. Ran da rijiya ta ja baya kuka za su yi maka."

A nan ne na shigo da takardata. Na fito makarantar horon malamai, an tura ni Konni ina koyar da ilmin halittu, ina da farin alli a yatsa da tabarau a hanci. Wata ranar suna, a gaban dattawa, kawu na cikin bayanin mai kiransa, na gyara murya na ce tsiro ba shi da kunne balle a kira shi, ba shi da hankali balle ya yi shiri, kuma irin wannan magana ita ce ta hana mu ci gaba. Na yi amfani da kalmar camfi. Na so in ce ban yi ba, amma akwai shaidu, wasunsu suna da rai.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce:

"Mushe, can lakwal ɗinku, wa ka buga ƙarhe da sahe?"

Na ce mai gadin makarantar.

"Shi ka koya ma yara karatu?"

Na ce a'a.

"In bai buga ba ana karatu?"

Na ce wannan daban. Ya ce to. Daga ranar ya daina ce mini "ɗana", ya koma "Mushe", da wata irin ladabi mai kaifi. In na gaishe shi sai ya ce, "Lahiya lau, Mushe, ya aka ji da ci gaba?" Damina biyu muka yi a haka. A ta biyun ɗan filin da nake nomawa a bayan gari, wanda na shuka da irin zamani da na yaba a gaban jama'a, ya bushe ƙurmus. Ban gaya wa kowa ba. Da kaka na dawo daga aji na tarar da dami uku a zaurena, zangarnu gajeru. Wanda ya kawo ya ce ba a ba shi saƙo ba. Na ci tuwonsu wata biyu, kuma ban san abincin da ya taɓa tsaya mini a wuya kamarsa ba.

Na je na durƙusa. Ya ce, "Tashi, ɗana, za ka ɓata wandon gwamnati." Muka shirya, amma ban sallama ba. Na ce masa geronsa na da ƙarfi ne don yana zaɓen masu ƙarfi su haifi masu ƙarfi, ba don gero yana koyon wuya ya koya wa ƴaƴansa ba, kamar yadda yake cewa. A kan wannan har yau ina ganin ni ke da gaskiya, kuma na rubuta shi nan don kada a ce ban ci komai ba a gardamar shekara goma. Shi kuwa ya ce in kira shi yadda na ga dama, shi dai rumbunsa ya san amsa.

Sai ɗarin da ya wuce. Wani tsohon ɗalibina da ke karatun aikin gona a Yamai ya aiko mini da ƴan shafuka na Faransanci, ya ja layi ƙarƙashin wasu wurare, ya rubuta a gefe: "Mushe, wannan ba maganar kawunka ba ce?" Na karanta a tsaye a ƙofar aji. Na sake karantawa a zaune. Ranar Lahadi tun da safe na hau ɗan babur ɗina, mobilet, na nufi ƙauye, ina gudu kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Na same shi a lambu cikin fangalin albasa, ya naɗe kunnuwa da rawani. Ko gaisuwa ban gama ba.

"Kawu, an gan shi!"

"Wa? Watan azumi da saura."

"Mai kiran gayya! Masana sun gan shi!"

Ya ajiye guga ya zauna a kan kunya ya ce in karanta, amma da Hausa, kuma a hankali.

Na ce masa jikin tsiro ƴan ɗakuna ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a kowane ɗaki akwai rubutun gado, wanda uwa ke ba ɗa, layi dubbai, kowane layi da aikin da yake umarta. Da yawansu barci suke sai an tashe su. To masana sun gano wasu layuka waɗanda ba sa yin aikin kare tsiro da kansu. Idan wuya ta zo, sai su fitar da wani sinadari, shi kuma ya bi ya zauna a bakin wasu layukan da yawa ya tashe su gaba ɗaya. Wannan ya tara sukari a ɗaki don ruwa kada ya tsere, wancan ya yi abin da zai kare bangon ɗakin kada ya tsage, wani ya gyara abin da ya lalace. Ɗaya ya yi kira, jama'a su fito.

"Ba shi riƙon hauya?" in ji kawu.

"Ba ya riƙewa!"

"Ci gaba."

Na ce sanyi mai tsanani yana daskarar da ruwa ya janye shi daga ɗakunan, gishiri yana tsotse shi, fari yana ƙafar da shi, don haka duk ukun ƙishirwa ce a wurin tsiro, kamar yadda ya faɗa. Sai dai masu kiran ba ɗaya ba ne. Akwai mai amsa sanyi, akwai mai amsa fari da gishiri, amma sun yi kama da juna ƙwarai, kuma kusan ma'aikata ɗaya suke tadawa.

"Wa da ƙane ke nan," ya ce. "Gidansu guda. Na yi kuskuren mutum ɗaya, a yi haƙuri." Sannan ya dube ni. "Tambaye su, in mai kira ya ƙi yin kurum fa? In kullum kira shika yi, da wuya da ba wuya?"

Na ce takarda ba a tambayarta. Ya ce in duba dai. Na juya shafi, wurin da ban kula da shi ba saboda ɗoki. Ga shi nan a rubuce: da masanan suka sa mai kiran ya yi ta kira ba tsayawa, tsiron ya jure sanyi da fari da gishiri fiye da ƴan uwansa, amma ya tsumbure, ya ƙi tsayi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi ihu, na yi tsalle da tabarau da komai, na dira cikin fangali na tattake albasa wajen goma. Masu lambun kusa suka ɗago kai suna tambayar ko maciji ne. Kawu na dariya har rawaninsa ya warware.

"Wanda duk ka gadi ba shi ƙiba, ɗana. A gaya ma ɓarawon Tajaye wadanni sun shiga takarda. Kai kuma hita mini daga albasa."

Gaskiya ta sa in faɗi abin da na faɗa masa a ranar: a jikin wata ƴar ciyawa aka yi wannan bincike, ba gero ba, kuma babu wanda ya taɓa leƙa cikin geron kawu ya ga abin da ke ciki. Ya ce to a leƙa mana. Ya ce in ɗebi rabona daga ƙaramin rumbu, in aika wa ɗalibina kaɗan, sauran in riƙe, don shi ya fara jin jikinsa. Na ce ba zan zuba irin wannan abu a aljihu ba, zan dawo da gwangwani mai tsabta da murfi, bayan jarrabawa. Gwangwanin yana cikin jakata ranar sadakar uku. Mai tsabta ne ƙwarai.

Na koma ƙofar gida na zauna kusa da Baba, na gaya masa abin da muka ci. Na zaci zai yi salati. Sai ya tambaye ni ko gumbar ta rage, don shi bai ƙoshi ba. Na ce Baba, wannan ba ranar wasa ba ce. Ya ce shi ya fi ni sanin ko wace rana ce. Ya tashi ya kama motar Tajaye bai yi wa kowa sallama ba.

Kwana huɗu na yi ina bin gidajen da kawu ya taɓa ba iri. Wani ya cinye, wani ya gauraya da nasa tun shekaru, wani ya ce shi dama bai shuka ba, kunyar ƙin karɓa ce ta sa ya karɓa. Ban iya shiga na gaya wa Inna ba. Ashe ta sani, tun daga ƙarar sussukar ta gane ba geron babban rumbu ba ne, amma mai takaba ba ta fitowa tsakar gida tana ihu a kan baƙin da suka zo taya ta kuka.

Ranar bakwai, ana cikin addu'a, sai ga amalanke ya tsaya. Baba ne a kai, zaune bisa dami huɗu kamar mai sarauta. Ya sa aka sauke a gaban jama'a. Zangarnu gajeru, cunkus, kamar tafin hannu.

"Kowace kaka in na zo zaginai sai in sato biyar ko shida cikin riga," ya ce. "Haƙƙina na, bawana na. Can bisa tudu nika shuka su, inda ba kowa. Shekara tara ke nan gidana ba mu kwana da yunwa ba. Da na hwaɗa mishi, da ya kashe ni da gori."

Na ɗauki zangarniya uku na shiga wurin Inna, don ita ce za ta san ko shi ne ko ya gauraye. Ta karɓa, ta murza ɗaya a tafin hannu, ta hure, ta jefa ƙwaya biyu a baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Shi na," ta ce. Sannan ta ce, "Kawunka ya sani. Kowace shekara shi ka zaɓen waɗanda sunka hi kyau shi aje bakin shinge, wajen da Baba ka bi. Shina cewa, bari in aje ma ɓarawona."

A nan ne ta yi kukan, ta kifa fuska a kan zangarnun, har matan da ke tsakar gida suka shigo da gudu.

Da na fito na gaya wa Baba. Ya ce, "Ɗan banza. Har a nan ma ya riga ni." Ya sake jan rawanin nan ya rufe fuska.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana goma sha ɗaya. Baba ya riƙe sungumi yana sara, ni ina bi ina zubawa ina takewa, daga gefen kanwa muka fara. Gwangwanina yanzu cike yake, na aika da kaɗan Yamai, ko wata rana wani ya leƙa ya gaya mana sunan wanda ke ciki. Jiya na je gonar. Ruwa ya yi kwana tara bai dawo ba, yabanyar maƙwabta ta fara kwanciya. Tamu ta naɗe ganye ta tsaya cik, tana jira.

Allah ya jiƙan kawu, ya shayar da shi inda ba a ƙishirwa. Ranar da za a yi babban kira, Allah ya sa yana cikin waɗanda za su tashi da sauri, kamar yadda ya saba.